Lambunan Al'umma na Yahudawa a Amurka da Kanada: Tambayoyi da Amsoshi

A garuruwa da dama na Amurka da Kanada akwai majami'u da makarantu da ƙungiyoyin Yahudawa da suka ware fili suna noman kayan lambu tare. Yawancin filayen ƙanana ne, wasu eka ɗaya ce kacal. Abin da ake girbewa ba zai ciyar da unguwa ba, kuma masu aikin ba su ce zai ciyar ba. Sun kafa su ne don a koyi tsofaffin dokokin noma na Attaura da hannu cikin ƙasa, maimakon a zaune a aji.

Mene ne lambun al'umma, kuma me ya raba na Yahudawa da sauran?

Lambun al'umma fili ne da jama'ar unguwa ke nomawa tare. A wasu wuraren ana yanka wa kowa nasa kwami, a wasu kuma aikin na kowa ne, amfanin ma na kowa. Lambunan Yahudawa sun fi bin tsari na biyu. Abin da ya raba su da saura abu uku ne: ana bin kalandar bukukuwan addini wajen tsara ayyukan shekara, ana karatun nassi a cikin lambun, sannan kaso mai yawa na amfanin yana tafiya ga mabukata, ba a matsayin kyauta daga mai hali ba, a matsayin haƙƙinsu.

Ashe Yahudawa suna noma? An fi sanin su da kasuwanci da zaman birni.

Wannan sanin yana da dalili a tarihi. Ƙarnuka da yawa, a sassa da dama na Turai, doka ta hana Bayahude mallakar gona. A daular Rasha, dokokin watan Mayun 1882 sun hana su sabon zama a ƙauyuka da sayen filayen karkara. Wanda aka hana gona kuwa dole ya nemi wata sana'a.

Amma asalin addinin na manoma ne. Mishna, tarin hukunce-hukuncen malamansu da aka kammala wajen shekara ta 200 miladiyya, kashi shida ce, kuma kashin farko kusan gaba ɗayansa kan harkar gona yake: rabon talaka, zakkar amfani, haɗa iri, hutun ƙasa, 'ya'yan fari na itatuwa. Manyan bukukuwansu uku ma a kan girbi aka ɗaura su. Har a Talmud ta Ƙudus, sharhin malamansu a kan Mishna, an faɗi cewa bai halatta mutum ya zauna a garin da babu lambun ganye ba.

Da suka samu hali kuma sun koma gona. Masu gudun hijira daga Rasha sun kafa ƙauyen manoma na Alliance a jihar New Jersey a 1882, asusun Baron de Hirsch ya kafa Woodbine a 1891, aka kafa Moisés Ville a Ajantina a 1889. Jikokin waɗannan manoma galibi sun koma birni, suka zama likitoci da lauyoyi da malamai. Masu lambunan yau 'yan birni ne da suka waiwayo.

Yaushe wannan sabon motsi ya fara?

Tushensa yana cikin farkawar da aka yi kan muhalli a Amurka bayan 1970. Kafin nan, a 1967, masanin tarihi Lynn White ya zargi koyarwar Littafin Farawa, littafin farko na Attaura, inda aka ba ɗan Adam iko a kan halittu, da share fagen ɓarnar da ake wa ƙasa. Zargin ya yi zafi, kuma ya sa malamai da matasa suka koma bincike cikin littattafansu. Ellen Bernstein ta kafa ƙungiyar Shomrei Adamah a 1988, aka kafa cibiyar koyarwa ta Teva a 1994, Nigel Savage ya kafa ƙungiyar Hazon a 2000.

Noman kansa ya kankama ne daga 2003, lokacin da Adam Berman ya buɗe shirin Adamah a cibiyar Isabella Freedman da ke Falls Village a jihar Connecticut. Matasa kan zauna wata uku suna noma, suna tatsar awaki, suna jiƙa kokwamba da kabeji a ruwan gishiri, suna karatu. Da yawa daga waɗanda suka fito daga can su ne suka je suka buɗe lambuna a garuruwansu. Gonar Kayam ta fara a cibiyar Pearlstone kusa da Baltimore a 2006. A 2009 ƙungiyar Shoresh ta buɗe lambun Kavanah a Vaughan, arewa da Toronto. A shekarar ce kuma majami'ar KAM Isaiah Israel da ke Chicago ta kafce ciyawar ado da ke harabarta ta mayar da wurin lambu. Sai Urban Adamah a Berkeley, da Coastal Roots Farm a Encinitas, dukansu a Kalifoniya, da Abundance Farm a Northampton ta jihar Massachusetts.

Waɗanne ayoyi suke kafa hujja da su?

Biyu ne ba a rasa su. Ta farko Farawa 2:15, inda aka ce an ajiye Adamu a gonar Aidan don ya nome ta ya kuma kiyaye ta. Ta biyu tana cikin littafin Maimaitawar Shari'a 20:19-20, kuma dokar yaƙi ce: idan an kewaye birni, kada a sare itatuwansa masu ba da 'ya'ya. Malamai suka ce in har a fagen fama an hana ɓarna, to a zaman lafiya fa? Daga nan suka fitar da ƙa'idar da suke kira bal tashchit, wato hanin lalata duk wani abu mai amfani ba gaira ba dalili, ko abinci ne, ko tufa, ko ruwa, ko man fitila. Musulmi zai tuna wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar da ya tura Sham, cewa kada su sare itace mai 'ya'ya.

Gaskiya ita ce ayar Farawa ana yawan ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta, don kowane taro da ita ake buɗewa. Naman maganar yana cikin dokokin rabon talaka.

To, mene ne rabon talaka a gona?

Littafin Firistoci 19:9-10 da Maimaitawar Shari'a 24:19-21 sun ajiye wa matalauci da baƙo da maraya da gwauruwa abubuwa uku a gonar hatsi. Na farko pe'ah: gefen gona da ba a girbewa, a bar shi a tsaye. Na biyu leket: zangarniyar da ta suɓuce daga hannun mai girbi. Na uku shikhecha: damin da aka manta a gona, ba a komawa ɗaukarsa. Inabi da zaitun ma suna da nasu hukuncin. Bahaushe ya san kala, inda mata da yara ke bin gonar gyaɗa bayan an cire, to kusan hakan ne, sai dai a nan doka ce mai ƙa'idoji, ba sai mai gona ya ga dama ba. Labarin Rut, wadda ta yi kala a gonar Bo'aza a Baitalami, shi ake karantawa a Shavuot, bikin girbin alkama.

Ƙa'idojin da Mishna ta shimfiɗa su ne abin da ya fi jan hankali, don duk an gina su ne kan sanin halin mai dukiya. Gefen da za a bari kada ya gaza kashi ɗaya cikin 60 na gonar, kuma a ƙara gwargwadon girman gona da yawan talakawa da albarkar shekarar. Zangarniya biyu in sun faɗi tare na talaka ne, uku kuwa na mai gona. A ƙarshen girbi ake barin gefen, ba a farko ba, kuma Talmud ta faɗi dalili: kada mai gona ya faki idon mutane ya kira ɗan'uwansa matalauci ya kwashe, kada kuma talakawa su yini suna gadin gona suna jiran sa'ar da zai ga dama. Sau uku ake buɗe musu a rana, da safe da tsakar rana da yamma. An bayyana cewa safiya don masu shayarwa ce, tsakar rana don yara, yamma don tsofaffi masu tafiya a hankali. Ba a shiga da lauje, don kada a ji wa juna rauni a turereniya.

Sai babbar ƙa'idar: mai gona ba shi da ikon zaɓen wanda zai ɗauka. Wanda ya bar wani ya hana wani, ko ya taya ɗaya tarawa, Mishna ta kira shi mai ƙwace wa talakawa. Ba shi ne yake bayarwa ba balle a yi masa godiya. Wannan yanki na gonar tun asali ba nasa ba ne.

Waɗannan dokoki sun hau kan lambun latas da tumatir a Toronto?

A hukunce, a'a. Mishna ta ce pe'ah na wajaba ne kan abincin da ake girbewa lokaci guda a kuma adana shi, kamar hatsi da wake. Ganye da sauran ɗanyen kaya ba sa ciki. Wanda ya karanci fiƙihun Malikiyya ba zai yi mamaki ba, don a can ma ana fitar da zakkar gero da dawa da shinkafa, amma ba a fitar da ta tumatir da alayyafo.

Saboda haka abin da lambunan nan ke yi ba cika wajibi ba ne, ɗaukar manufar dokar ne a nema mata sabon jiki. Kowa da dabararsa. Urban Adamah na da rumfar da ake raba kayan gona kyauta. Coastal Roots Farm na barin mai saye ya biya gwargwadon ƙarfinsa. KAM Isaiah Israel na kai nata wuraren dafa wa mabukata abinci. Abundance Farm, wadda majami'a da makarantar Yahudawa da wata cibiyar rabon abinci da ke maƙwabtaka da su suka haɗu a kanta, tana buɗe ƙofa mutum ya shigo ya tsinka da hannunsa.

A ganina wannan na ƙarshe ya fi kusa da abin da Mishna ke nufi. Idan 'yan sa-kai suka girbe, suka wanke, suka zuba a kwali, suka kai wa talaka, har da ɗaukar hoto, an koma sadaka ta yau da kullum, mai bayarwa a sama mai karɓa a ƙasa. Idan kuwa mabukaci ya shiga kwami ya zaɓi abin da gidansa ke ci, ba wanda ya tambaye shi takardar shaidar talauci, to an kama hanya. Sai dai ba kowane lambu ke kusa da mabukata ba. Da yawa suna unguwannin masu hali ne a bayan gari, inda sai da mota ake zuwa, don haka kwali ya zama dole.

Mene ne shekarar hutun ƙasa?

Sunanta shmita. Fitowa 23:10-11 da Littafin Firistoci 25 sun ce a yi noma shekara shida, ta bakwai a bar ƙasa ta huta: ba huɗa, ba shuka, ba sassabe kurangar inabi. Abin da itatuwa suka haifa da kansu ba shi da mai shi. Mai gona ya ci, talaka ya ci, baƙo ya ci, dabba ma ta ci, amma ba a tara shi don kasuwa. A ƙarshen shekarar kuma basussuka na faɗuwa. Ta baya-bayan nan ta kama daga Satumbar 2021 zuwa Satumbar 2022, mai zuwa kuma za ta fara a 2028.

Hutun gonar a ƙasar Isra'ila kaɗai ya wajaba, kuma a can rigima ce babba. Tun shmita ta 1888 zuwa 1889 wasu malamai suka ba da fatawar a sayar wa wanda ba Bayahude ba da gonar na wucin gadi don a ci gaba da noma, fatawar da Rabbi Abraham Isaac Kook ya kare daga baya. Masu tsanantawa ba su yarda da ita ba har yau, sun gwammace su sayi kayan lambu daga manoma Larabawa ko daga ƙetare.

Lambunan Amurka da Kanada ba abin da ya tilasta musu. Duk da haka wasu kan bar wani sashe babu shuka, ko su zuba ciyawa mai gyara ƙasa, ko su mayar da hankali kan itatuwa da tsirran da ba sai an sake shuka su duk shekara ba. Hazon ta gudanar da shirin wayar da kai kan shmita na tsawon shekaru. Ɓangaren yafe bashi kuwa an fi jin sa a bakin masu lacca.

Akwai dokokin da suke aiki a ko'ina, har a wajen Isra'ila?

Akwai. Orlah na ɗaya daga ciki: itacen da aka dasa, ba a cin 'ya'yansa na shekara uku na farko. Lambun da ya dasa tuffa zai jira, kuma malamai masu koyar da yara suna son wannan doka don tana koyar da haƙuri ba tare da wa'azi ba. Haka kuma an hana yi wa itace aure da wani jinsi daban, ko da yake 'ya'yan wanda aka riga aka yi wa halal ne a ci. Cakuɗa irin kayan lambu a kwami ɗaya haramun ne a Isra'ila, amma an sassauta a waje, in ban da shuka hatsi ko ganye a cikin gonar inabi.

Sai Asabar. Cikin ayyuka 39 da aka hana a ranar akwai huɗa da shuka da girbi, kuma ban ruwa yana ƙarƙashin shuka. Mai kiyayewa sosai ba ya tsinkar ko tumatir ɗaya, ba ya ma wanke hannu a kan ciyawa. Daga faɗuwar rana ta Juma'a zuwa daren Asabar lambu sai kallo. A lokacin zafi akan saita na'urar ban ruwa mai agogo tun kafin rana ta faɗi. Dabbobi kuwa dole a ba su abinci, don Talmud ta ce mutum ya ciyar da dabbarsa kafin ya ci. Ba kowace al'umma ke bin waɗannan daidai wa daida ba, tunda da yawa daga lambunan na masu sassaucin ra'ayi ne.

Wata matsalar kuma ƙwari ne. Cin ƙwaro haramun ne a dokar abincinsu, lambun da ba a fesa wa magani kuwa ba ya rabuwa da su. Don haka ana koyar da yadda ake jiƙa latas da kabeji a duba ganye ɗaya bayan ɗaya a gaban haske.

Me yara ke koya a can?

Kalanda, kafin komai. Yaron birni ya san Pesach bikin fitowa daga Masar ne, amma bai san cewa lokacin nunar sha'ir ne ba, ko cewa Shavuot girbin alkama ne, Sukkot kuma tattara amfanin ƙarshen shekara. A lambu yana shuka ganyen faski da saiwa mai yaji da za a ci a daren Pesach. Yana yanko karan masara a rufa bukkar Sukkot. Yana tsinko ganyaye masu ƙamshi da ake shaƙa wajen sallamar Asabar. Shoresh na kiwon ƙudan zuma a gonar Bela da ke Hillsburgh, zuma kuwa ita ake tsoma tuffa a ciki a bikin sabuwar shekara.

Akwai kuma addu'o'in cin abinci. Abin da ya fito daga itace addu'arsa daban, abin da ya fito daga ƙasa daban. Yaron da bai taɓa ganin yadda kankana ko inabi ke fitowa ba haddacewa kawai yake yi, wanda ya gani kuwa ba ya bukatar a tuna masa. Ana kuma nuna musu amfani bakwai da Maimaitawar Shari'a 8:8 ta yabi ƙasar Isra'ila da su: alkama, sha'ir, inabi, ɓaure, rumman, zaitun da dabino. A Kalifoniya kusan duka suna yi. A Toronto dabino da zaitun sai dai a tukunya ko a hoto.

Bikin itatuwa fa?

Tu BiShvat ke nan, 15 ga watan Shevat, wanda ke faɗowa a Janairu ko Fabrairu. A Mishna ranar lissafi ce kawai, wadda ake ƙirga shekarun itace da ita saboda zakka da orlah. Sufayen Yahudawa da suka bi koyarwar malaman garin Safed na ƙarni na 16 su suka mayar da ita walimar cin 'ya'yan itatuwa. Yanzu ta zama ranar muhalli. Abin dariyar shi ne a Kanada ranar na zuwa ne ƙasa na daskare ƙarƙashin dusar ƙanƙara, ba inda za a dasa ko tsinke. Sai a yi walima a ɗaki, a zuba iri a ƙananan tukwane a ajiye bakin taga.

Sai Bayahude ne zai shiga ko ya amfana?

A'a. Mishna ta ce kada a hana talakawan da ba Yahudawa ba yin kala, saboda zaman lafiya. Mafi yawan masu karɓar abincin lambunan nan ba Yahudawa ba ne, kuma 'yan sa-kai daga kowane addini suke.

Shin wannan yana da alaƙa da siyasar Isra'ila da Falasɗinu?

Lambun majami'a a Chicago ba reshen gwamnatin Isra'ila ba ne, kuma masu aiki a irin waɗannan wurare ra'ayinsu ya sha bamban, daga masu goyon bayan Isra'ila har zuwa masu sukarta da kakkausar murya. Amma batun dashen itace ba ya tsira daga siyasa. Asusun Yahudawa na Jewish National Fund (JNF), wanda aka kafa a 1901, ya dasa miliyoyin itatuwa da kuɗin da Yahudawan duniya suka tara. Wasu daga dazuzzukan an dasa su ne a kan kufan ƙauyukan Falasɗinawa. Wurin shaƙatawa na Canada Park, wanda aka gina da gudummawar Kanada, yana kan filayen Imwas da Yalo da Beit Nuba, ƙauyukan da aka rushe a 1967. Masana muhalli ma sun soki yawan dasa itacen pine iri ɗaya mai saurin kama wuta, musamman bayan gobarar Dutsen Karmel ta 2010.

A ɗaya gefen, ƙungiyar malamai ta Rabbis for Human Rights, wadda aka kafa a 1988, takan raka manoma Falasɗinawa tsinkar zaitun a Yammacin Kogin Jodan don kare su daga 'yan kama-wuri-zauna masu sare itatuwa, kuma hanin sare itace mai 'ya'ya na cikin hujjojinta. Wasu lambunan suna tattauna wannan a fili, wasu suna kauce masa don kada masu ba da kuɗi su fusata.

Daga ina kuɗi ke fitowa, kuma suna ɗorewa?

Daga gidauniyoyi, da kuɗin da makarantu ke biya idan sun kawo ɗalibai, da sansanin yara na lokacin hutu, da ɗan abin da ake sayarwa kamar zuma. Kayan lambun kansu ba sa riƙe lambu, tunda bayar da su ake yi. Coastal Roots Farm ta tashi ne a filin gidauniyar Leichtag, abin da ba kowa ke samu ba. Urban Adamah ta fara ne a filin aro, a akwatunan shuka da za a iya ɗagawa, kafin ta koma wurinta na dindindin a 2016. Jewish Farm School ta Philadelphia ta rufe a 2019. Hazon da Pearlstone sun haɗe a 2023 ƙarƙashin sunan Adamah.

Ƙaramin lambun majami'a kuwa abin da ke kashe shi ba kuɗi ba ne, watan Yuli da Agusta ne. Lokacin ne ciyawa ke tashi, tumatir ke nuna, kuma lokacin ne makarantu ke hutu, iyalai sun yi tafiya. Lambun da ya dogara ga mutum ɗaya mai himma yakan mutu ranar da mutumin ya gaji ko ya ƙaura. Waɗanda suka daɗe su ne masu ma'aikaci ko da na rabin lokaci, da jadawalin ban ruwa a rubuce, da yarjejeniya da wata cibiyar rabon abinci da ke zuwa ɗaukar kaya a rana tsayayya kowane mako.